Daga Magarya Zuwa Kaduna: Bindiga Mai Ɗura Kanta da Matsalar Auna Huci



Gabatarwa

Ba mamaki wani daga cikinku ya ce a ransa, me ya haɗa malamin Hausa da zancen bindigogin soja, balle har ya shiga bayanin abin da ke cikin cikinsu? Abin da ya haɗa su shi ne, duk sana'ar da al'umma ta mallaka mallakar gaske, za a tarar da sunayen sassanta a bakin mutanenta. Je ka maƙera ka saurara, za ka ji zugazugi da masaba da uwar maƙera da awartaki da tama, kowanne da sunansa, kowanne da aikinsa. To, koma kan bindiga. Ita kanta kalmar daga Larabci muka aro ta, haka albarushi, haka harsashi, wanda asalinsa sunan dalma ne a Larabce. Abin da muka raɗa wa suna da kanmu bai wuce baki da gindi da kunama ba, watau sassan da ido ke gani hannu kuma yake taɓawa. Da an leƙa ciki, sai Bahaushe ya yi shiru. Harshe ya tona mana asiri ke nan: shekaru fiye da ɗari biyu da hamsin muna riƙe da bindiga, amma daga waje muke riƙe da ita.

Manufar wannan lacca ita ce mu leƙa cikin, ta hanyar duba matsala guda ɗaya wadda ta sha kan manyan maƙeran duniya, watau yadda za a ɗebi kaɗan daga iskar da albarushi ke fitarwa a sa ta ɗura wa bindiga sabon harsashi. Turawa suna kiran wannan iska gas. Ni zan kira ta huci, domin iska ce mai zafi mai fita da ƙarfi, kuma ina ganin kalmar ta fi zama daram a kunnen Bahaushe. Za mu fara daga Magarya ta ƙasar Wurno, mu bi ta ɗakunan gwaji na Turai da Amurka, mu sauka a Kaduna, sa'an nan mu komo gida.

Kashi na Ɗaya: Abin da Aka Gani a Ƙasar Rima

Bindiga ta daɗe da shigowa ƙasashenmu. Mai Idris Aloma na Barno ya yi yaƙi da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka horar tun a ƙarshen ƙarni na 16. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga su zama masu tsaron sarki. Duk da haka, jihadin da aka fara a 1804 da baka da mashi da takobi da doki aka yi shi. Akwai ma sananniyar riwayar da ke cewa Sarkin Gobir Yunfa ya ɗaga bindiga zai harbi Shehu Usmanu a Alƙalawa, sai ta yi baya ta ƙona shi. Ko ta wace fuska mutum ya dubi wannan riwaya, tana nuna mana irin amanar da bindigar wancan zamani take da ita.

A 1824 wani Baturen Ingila, Kyaftin Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da makamai da albarushi. Baturen ya komo a 1826, ya tarar da rundunar Bello ta fita yaƙin Gobir, ya bi ta har Konya a watan Oktoba. A ƙiyasinsa mayaƙan sun kai dubu hamsin ko fiye, amma bindigogin da ya gani a hannunsu arba'in ne da 'yan kai. A cikin ganuwar Gobirawa kuwa bindiga ɗaya tak ta yi wa masu lifidi ɓarna. Daga nan aka zarce Magarya, inda Bello ya yi sansani kafin ya zauna da ƙafafunsa a Wurno, garin da ya rasu a 1837. Clapperton ya yi ta kai da komo tsakanin Magarya da Sakkwato, kuma a wannan zama ne Bello ya karɓe makaman da Baturen ya ɗauko zai kai wa Shehu al-Kanemi, domin a lokacin ana yaƙi da Barno. Baturen bai koma gida ba, ya mutu a watan Afrilu na 1827.

Kada ɗalibi ya ɗauka cewa rashin wayo ne ya sa rundunar Bello ba ta cika hannu da bindiga ba. Bindigar wancan lokaci ta baki ake ɗura ta, a zuba albarushi, a cusa dalma, a danna da sanda, a gyara ƙanƙara, sa'an nan a ja kunama. Gwanin soja ba ya wuce harbi biyu ko uku a minti ɗaya, alhali maharbi da baka ya saki kibau da yawa kafin nan. Da damina albarushi yakan jiƙe. Ga tsada, ga shi sai an jira fatake. Har yau sunan da muke kiran jikar wannan bindiga da shi, watau harba-ka-ruga, ya isa bayani.

Cikin shekaru sittin da suka biyo baya al'amarin ya juye gaba ɗaya. Aka koma ɗura bindiga ta baya, aka haɗa albarushi da dalma cikin kwanson tagulla guda, sa'an nan a 1884 Hiram Maxim ya fito da bindiga mai jigida wadda ke amfani da naushin da harbi ke yi baya ta ɗura kanta, tana aman harsashi wajen 500 a minti. A 1890 ƙasashen Turai suka taru a Birasal suka ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani. Sakamakon haka muka gani a Giginya ranar 15 ga Maris 1903, inda Kanar Morland da 'yan ɗaruruwan soja da bindigogin Maxim huɗu suka watsa rundunar Sarkin Musulmi Attahiru. Amma a lura da abin da ya faru a Satiru a watan Fabrairu na 1906: talakawa masu gatura da fartanya suka auka wa sojan Turawa kafin a kafa bindigar Maxim, suka karya su, har suka ƙwace ta. Ashe ƙarfe komai kyansa, in tsarin da ke bayansa ya kuskure, nauyi ne kawai.

Kashi na Biyu: Yadda Huci Ke Aiki

Bindigar Maxim tana da nauyi ƙwarai, sai mutane da yawa ke hidimarta. Burin kowace runduna daga nan shi ne a sami bindigar kafaɗa wadda soja ɗaya zai ɗauka, ita ma ta riƙa ɗura kanta. Hanyar da ta fi karɓuwa daga bisani ita ce ta huci, kuma ba ta yiwu ba sai da wani masani Bafaranshe, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi a 1884. Dalili kuwa shi ne, baƙin albarushi irin na da, fiye da rabinsa toka da dauɗa yake zama in ya ƙone, kuma duk wata ƙaramar kafa da aka bi da shi ta cikinta zai toshe ta nan da nan.

Ga yadda abin yake. Idan aka ja kunama, albarushi yakan kama wuta a cikin kwanso, ya zama huci mai matsin da ya kai nauyin tan uku zuwa huɗu a kan fili kamar faɗin farcen yatsa. Wannan matsi ne ke tura harsashi ta cikin bututu, kuma duk tafiyar ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. A bayan kwanson akwai wani ƙarfe da ke kulle ƙofa, wanda zan kira sakata, domin aikinsu ɗaya da sakatar ɗaki. Dabarar ita ce a yi 'yar huda a jikin bututu, ta yadda da harsashi ya gifta ta, kaɗan daga hucin zai kauce ya bugi fistin, irin wanda makanikai suka sani a injin mota. Fistin ya tura sakata baya, ta zare, ta jefar da tsohon kwanso, sa'an nan sifirin ya komo da ita gaba, ta kwaso sabon harsashi ta kulle. A bindigar Kalashnikov wannan zagaye yakan faru sau goma a sakan ɗaya.

A baki abin yana da sauƙi. A aikace matsaloli uku ne suka tsare hanya. Ta farko ita ce lokaci. In sakata ta buɗe da wuri, matsi bai sauka ba, kwanso zai manne a mazauninsa ko ya tsage, wuta ta fito ta fuskar mai harbi. In ta makara, harsashi ya riga ya fice, hucin ya tsiyaye, ba sauran ƙarfin turi. Ta biyu ita ce yawa. Huci kaɗan ba zai kai sakata ƙarshen tafiyarta ba, sai bindiga ta cije. Huci mai yawa kuwa zai riƙa maka sassa da juna har su karye, ya kuma hana saiti. Ta uku ita ce dauɗa da zafi, domin hucin yana tafe da baƙin gawayi, yana cin bakin hudar a hankali har ta faɗaɗa, ƙarfe kuma yana kumbura in ya yi zafi.

Mutanen Goronyo da Wurno ba sa bukatar doguwar fassara a nan. Wanda ke kula da ƙofofin madatsar ruwa ya san cewa in ya matse ruwa shinkafa za ta bushe a fadama, in ya sake shi da yawa zai cinye gonaki, kuma ma'aunin da ya dace a watan Maris ba shi ne na watan Agusta ba. Haka maƙerin bindiga yake da huci, sai dai shi hukuncinsa cikin ƙiftawar ido ake yanke shi.

Kashi na Uku: Samfuran da Suka Faɗi Kafin a Dace

John Browning na Amurka yana cikin waɗanda suka fara gane amfanin huci, tun a 1889, kuma bindiga mai jigida da kamfanin Colt ya ƙera a kan dabararsa ta fito a 1895. Amma bindigar kafaɗa ta ci gaba da gagara. Janar Manuel Mondragon na ƙasar Meziko ya zana tasa, aka ƙera ta a Switzalan, sojan ƙasarsa suka karɓe ta a 1908. Ta kasa jure laka da harsashi marar inganci. Da Jamusawa suka sayi ragowar a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai suka ba mayaƙan jirgin sama, domin a sararin samaniya ba taɓo ba ƙura.

A wancan zamani manyan hafsoshi da yawa sun yi imani cewa huda jikin bututu zai lalata shi. Saboda haka aka rungumi dabarar wani mutumin Danmak mai suna Bang, wadda ke tare huci a bakin bindiga da wani ɗan kofi bayan harsashi ya fita. John Garand, wanda ya fara aiki a ma'aikatar makamai ta Springfield a 1919, da farko ma ba da huci ya fara ba. Samfurinsa na farko ya dogara ne da ɗan motsin da ƙyastun gindin harsashi ke yi baya in an harba. Yana cikin gyara sai hukumar soja ta sake fasalin harsashinta, aikin shekaru ya rushe. Ya koma kan tarkon huci na baki, aka karɓi bindigarsa a 1936, watau bayan shekara 17 yana fama. Ko a nan ba a gama ba, domin tarkon yana tara dauɗa yana kuma kwancewa. Sai da aka ƙera kimanin 50,000 sa'an nan aka haƙura aka huda bututun a 1940, bindigar M1 ta zama abin da tarihi ya sani.

Jamusawa sun maimaita wannan kuskure, kuma labarinsu ya kamata ma'aikacin gwamnati ya riƙe shi da kyau. Hukumar sojansu ta gindaya sharuɗɗa ga kamfanonin Mauser da Walther, ciki har da cewa kada a huda bututu. Mauser ya bi sharuɗɗan kaf, ya fito da bindiga mai nauyi mai wuyar sha'ani. Walther ya tsallake wasu, tasa ta ɗan fi, amma dukansu biyu, waɗanda aka sani da G41, sun yi ta cijewa a fagen yaƙin Rasha. Sai da suka kwance bindigar SVT-40 da suka ƙwato daga Rashawa, suka kwaikwayi fistinta, sa'an nan suka sami G43 a 1943. Mutumin da ya rubuta sharaɗin yana zaune a ofis, wanda ya biya kuɗin kuskuren kuwa yana kwance cikin ƙanƙara.

Bayan yaƙin hanyoyi uku suka fito fili. Mikhail Kalashnikov ya haɗe fistin da abin da ke ɗauke da sakata suka zama ƙarfe guda mai nauyi, ya ba shi huci fiye da bukata, ya kuma bar sarari tsakanin sassa domin yashi ya sami wurin faɗawa. Ya sadaukar da wani abu na saiti ya sayi juriya, kuma sojan Tarayyar Sobiyet suka karɓi bindigarsa a 1949. Dieudonné Saive na kamfanin FN a Beljiyam ya yi fistin mai ɗan gajeren naushi, ya kuma sa wani zobe da soja zai murɗa ya ƙara huci ko ya rage, ita ce bindigar FAL. Eugene Stoner na Amurka kuwa ya yar da dogon fistin, ya bi da hucin ta siririn bututu har cikin mazaunin sakata, ya sami bindiga marar nauyi mai kyan saiti, wadda ta zama M16.

Abin da ya sami M16 a Biyetnam shi ne babban darasin wannan kashi. Stoner ya auna bindigarsa da wani irin albarushi, amma a 1964 hukuma ta yarda a sauya shi da wani wanda ya fi sauƙin samu. Sabon ya ƙara matsi a wurin hudar, ya sa bindigar gudu fiye da ƙima, ya kuma ƙara dauɗa. Ba a shafa wa mazaunin harsashi kurom ba, tsatsa ta kama shi a dausayi. Daɗin daɗawa, an raba ta ba isassun kayan wanki. Sojoji suka mutu da cijajjun bindigogi a hannu, har Majalisar Wakilan Amurka ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Richard Ichord a 1967. Aka gyara albarushi, aka ƙara nauyin abin da ke tare sakata, aka shafa kurom, aka koya wa soja wanki. Zanen bai canja ƙwarai ba, abin da ke kewaye da zanen aka gyara.

Kashi na Huɗu: Kaduna da Ƙurar Ƙasarmu

A 1964 Majalisar Tarayya ta kafa Hukumar Ƙera Makamai ta Nijeriya, wadda aka fi sani da DICON, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya gina mata masana'anta a Kaduna. An tsara ta ne ta riƙa fitar da bindigar BM59 guda 5,000 da harsashi miliyan 12 mai awon 7.62 a kowace shekara, ban da ƙananan bindigogi. Ita wannan BM59 ba wata ba ce illa bindigar Garand da kamfanin Beretta na Italiya ya yi wa kwaskwarima, watau hudar nan da aka yi shekaru ana gardama a kanta a Springfield ita ce ta sauka a Kakuri. Masana'antar ta yi aiki tuƙuru lokacin yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Da aka ajiye makamai sai ciniki ya ja baya, har ta shiga yin kujeru da kayan famfon ruwa domin ta rayu. Daga baya ta ƙera FAL da izinin masu ita da sunan NR-1, a 2006 kuma aka bayyana OBJ-006, wadda ƙirar Kalashnikov ce. A 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar da ta sake fasalin hukumar.

Duk waɗannan zanen wasu ne, kuma ba abin kunya ba ne, domin da koyo akan iya. Abin tambaya shi ne me aka yi da koyon. Barazil ta fara ƙera FAL a masana'antarta ta Itajuba a wannan shekara ta 1964, ta yi ta sauye-sauye samfuri bayan samfuri, har ta fito da tata mai suna IA2. Masar ta sayi injunan bindigar Ljungman daga Suwidin a shekarun 1950, amma da ta zo ƙera tata mai suna Hakim sai ta ƙara mata ma'aunin huci, domin ta san harsasan da ke rumbunanta ba ƙarfinsu ɗaya ba. Turawan Ingila da suka ɗauki FAL sai suka yanka mata 'yan kwaruruka a jikin abin da ke ɗauke da sakata domin yashi ya sami mafita. Isra'ila kuwa, bayan FAL ta ba ta wahala cikin rairayi a yaƙin 1967, sai ta koma kan tsarin Kalashnikov ta fito da Galil. Kowace ƙasa daga cikinsu ta tambayi kanta tambaya ɗaya: yaya wannan ƙarfe zai yi a ƙasata?

To, yaya zai yi a tamu? A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma albarushin da ya sha rana matsinsa ya fi na wanda ke inuwa, watau ma'aunin huci ya gurɓata tun kafin a ja kunama. Da hunturu ƙura mai laushi kamar gari takan haɗu da man da aka shafa wa sassa ta zama kunu mai cin ƙarfe. Da damina raɓar fadamar Rima takan kawo tsatsa. Ƙari a kan haka, rundunar da ke sayen harsashi daga ƙasashe dabam-dabam tana ɗura wa bindiga ɗaya albarushi iri-iri, kuma mun ga abin da wannan ya jawo a Biyetnam. Bindigar da aka gwada a Turai kawai, a wurinmu samfurin gwaji ce har yanzu, ko da an shekara hamsin ana yaƙi da ita a can.

Jama'a, wannan magana tana da ɗaci a wannan yanki. Kalmar 'yan bindiga, wadda a zamanin Babba Zaki take nufin masu tsaron sarki, yau ta koma sunan waɗanda suka hana manomi zuwa gona a Rabah da Goronyo da Isa da Sabon Birni. A watan Yuli na 2018 an kashe mutane da dama a gundumar Gandi, a watan Oktoba na 2021 kuma an kashe fiye da arba'in a kasuwar Goronyo. Bindigar da ta fi yawa a hannun maharan ita ce ta Kalashnikov, wadda rushewar Libiya a 2011 ta ƙara malalo da ita cikin Sahel. Dalilin da ya sa ta dace da su shi ne dalilin da na bayyana ɗazu: an yi ta ne domin ta yi aiki cikin ƙura a hannun wanda ba ya wanke ta. Nasarar maƙerin ita ce musibarmu. A ɗaya gefen kuma ga ɗan ƙauye da ƙirar gida, wanda wani lokaci yakan ɗura mata albarushin zamani, bai san cewa matsinsa ya ninka abin da bututunta zai iya ɗauka ba, ta fashe masa a hannu. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kammalawa

Ba kira nake yi kowa ya buɗe maƙerar bindiga ba, dokar makamai ta 1959 ta hana, hankali ma ya hana. Kirana ga mutane iri uku ne.

Ga ma'aikacin gwamnati, musamman wanda takardar sayen kaya ke bi ta teburinsa, ko ta bindiga ce ko ta injin ban ruwa: kada ya rubuta sharaɗin da bai san dalilinsa ba, kada ya sauya wani sashe domin araha ba tare da an sake gwaji ba, kuma ya nace a yi gwajin a Goronyo cikin bazara, a sake yi cikin hunturu. In samfuri ya faɗi, a rubuta dalilin faɗuwarsa a adana. Garand ya ci nasara ne domin ma'aikatarsa ta jure masa shekara 17, tana ajiye labarin kowace gazawa. A wurinmu sau da yawa jami'i yana tashi, fayil ɗinsa yake binsa.

Ga ɗalibin kimiyya da injiniya: asirin yana wurin awo. Ƙasar da ba ta iya narka ƙarfe iri ɗaya yau da gobe, ba ta iya haɗa albarushi mai ƙarfi ɗaya daga buhu zuwa buhu, ba za ta mallaki bindiga ba ko an ba ta zanen kyauta. Wannan ƙwarewa kuwa ita ce dai ke ƙera famfo da tarakta da kayan asibiti.

Ga ɗalibin Hausa, wanda shi ne nawa: yau na yi amfani da huci da sakata da ƙyastu da ma'auni, kuma ba na ce su ne ƙarshen magana ba. Ku je wurin tsofaffin soja da maƙeran Asada da makanikai, ku ji abin da suke kiran waɗannan sassa, ku tace, ku rubuta. Kurtun da aka koya wa wankin bindigarsa da harshen da yake tunani da shi ya fi kusa da komowa gida da ransa. Muhammadu Bello ya nemi bindiga daga Sarkin Ingila domin a zamaninsa ba shi da wata hanya. Mu muna da jami'o'i da masana'anta da shekaru kusan ɗari biyu na darasi, saboda haka uzurinmu bai kai nasa ba.

 Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Rima da Nijeriya baki ɗaya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu dace.